Furen Amos a Cocin Sarakuna

A garin Ramsfold babu wanda ya taɓa jin Selina Clegg ta yi magana a hankali. In ta ce maka ina kwana daga bakin ƙofarta, mai sayar da kifi da ke can ƙarshen layi ma sai ya amsa. Ba rashin tarbiyya ba ne, masaƙa ce ta mai da ita haka. Tun tana 'yar mitsitsiya aka kai ta masaƙar auduga ta garin, rabin yini a aji, rabin yini a gaban inji, har ajin ya haƙura ya bar wa injin ita gaba ɗaya. Ƙarar injinan saƙa ta cinye mata kunne, kamar yadda ta cinye na duk macen da ta daɗe a wurin. Abin da masaƙa ta ba su a madadin kunnen shi ne ido. A cikin wannan ƙara ba a jin muryar kowa, don haka matan suka saba hira da leɓe kawai, daga wannan inji zuwa wancan, ba tare da sauti ba. Da leɓe ake gulmar mai duba aiki, da leɓe ake sanar da haihuwa, da shi ake faɗa kuma a shirya. Selina ta fi kowa ido a wannan fanni. Ko ta gefe ta hangi bakinka, ta gama jin abin da ka ce.

Mijinta Josiah bai yi tsawon rai ba. Ƙurar auduga ta zauna masa a ƙirji, ya yi ta tari har ya tafi, ya bar ta da ɗa guda, Amos. Yaron bai ɗauko muryar uwarsa ba. Shiru-shiru ne, mai manyan kunnuwa, kuma abin da ya fi so a duniya shi ne wani ɗan fili a bayan gida, tsakanin tulin gawayi da igiyar shanya, inda yake shuka wani farin fure mai buɗewa lokacin da sanyi ya fara shiga. Selina takan tsaya a kansa tana tsiya, wai sauran samari na neman 'yan mata, nata yana neman kashin doki don taki. Amma in baƙo ya zo, kafin ta ba shi shayi sai ta ja shi bayan gida ya gani.

Bango ɗaya ya raba gidanta da na Hilda Pilling, injinansu kuma suna kallon juna a masaƙa. Hilda mace ce mai jiki, mai saurin dariya da saurin kuka. Ɗanta Norman sa'an Amos ne, sai dai shi ɗan ƙwallo ne, ɗan hayaniya. Matan biyu sun shekara da shekaru suna hira da leɓe, har ya zama babu abin da ɗaya ta sani wanda ɗayar ba ta sani ba.

Da babban yaƙi ya tashi, rana ɗaya yaran biyu suka shiga soja, tare da rabin samarin garin. Norman aka fara rasawa. Ba a ce ya mutu ba, an ce dai ba a gan shi ba, kuma ba a sake ganinsa ba, ko maɓallin rigarsa. Bayan shekara guda aka kashe Amos. Shi abokansa sun samu sun binne shi a Faransa, a wata maƙabarta da sojoji ke kira Bayan Sukari saboda tsohon kamfanin sukari da ke gabanta. Daga baya aka aiko wa Selina hoton kabarin: tudun ƙasa, gicciyen katako, da sunansa a jiki. Hukuma ta riga ta yanke cewa ba za a dawo da gawar kowa gida ba. Mai hali sai ya hau jirgin ruwa ya je ya tsaya a kan kabarin ɗansa. Selina kuwa, wadda in ta bar inji na yini biyu sai tukunya ta sani, Faransa ba ta cikin lissafin rayuwarta.

Tun daga ranar da hoton ya iso, kowa ya haɗu da ita sai ya ce ta yi sa'a. Mai burodi ya ce ta yi sa'a. Rabaran, limamin cocin garin, ya ce ta yi sa'a, ta gode wa Allah. An kashe wa mace ɗanta tilo, an hana ta gawarsa, an miƙa mata hoton katako, sannan a bi ta gida-gida ana taya ta murna. Abin yana yi mata ciwo ƙwarai, amma takan haɗiye saboda Hilda, wadda ko katakon ba ta samu ba. Ta ɗora hoton a kan kantar da ke saman murhu. Ta ci gaba da kula da shukar Amos, ko da yake hannunta bai iya ba. Duk shekara in furen ya buɗe, sai ta yanko ta raba biyu, ta sa a kwalabe biyu a gaban hoton, ɗaya ta Amos ɗaya ta Norman. Hilda takan shigo ta zauna ta yi kukanta, ta riƙe hoton a hannu yadda ta ga dama. Selina ba ta taɓa ce mata wannan kabarin ɗana ne ba.

A shekarar 1920, da sanyi ya shigo, labari ya cika jaridu cewa za a tono soja ɗaya daga filin yaƙi, wanda ba a san sunansa ba, a kawo shi Landan a binne shi a babban cocin da ake naɗa sarakuna kuma ake binne su. Aka kawo shi kuwa, aka binne shi da dukan girmamawa, aka bar kabarin a buɗe na 'yan kwanaki don jama'a su zo su wuce ta gabansa. Duk uwar da ɗanta ya ɓace ta sa a ranta cewa nata ne. Selina ta san ba Amos ba ne. Abin da ta gani kawai shi ne, a karon farko ga kabarin soja wanda jirgin ƙasa ke kaiwa, ga kuma furen Amos ya buɗe a bayan gida. Ta ƙudurta za ta kai furen nan ta ajiye da hannunta a kan ƙasa ta gaske, ba a gaban takarda ba.

Sai ga Misis Lund, matar Rabaran, ta zo harabar masaƙa lokacin cin abincin rana, da safar hannu da lema. Tana da wata ɗabi'a in za ta yi wa mata masu saƙa magana, ta riƙa wage baki tana jan kalmomi, kamar rashin ji da rashin hankali abu ɗaya ne. Ta sanar cewa manyan matan garin sun haɗa hannu sun kama tarago guda a jirgin Asabar, za a kai iyayen sojoji Landan a dawo da su. Selina ta ajiye burodinta ta tambayi lokacin da jirgin zai tashi.

"Ayya, Misis Clegg, ai ke ba kya ciki," in ji matar Rabaran, har da ɗan murmushi. "Na waɗanda 'ya'yansu suka ɓace ne. Ke kin yi sa'a, kin san inda naki yake."

"Na san inda farin wata yake ma," in ji Selina. "Kin taɓa jin na je?"

Wasu suka tuntsire da dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Misis Lund ta ce wuri ne ya yi kaɗan, dole a fara da waɗanda suka fi buƙata, kuma tana da tabbacin Misis Clegg mace ce mai fahimta. Ita wannan baiwar Allah 'ya'yanta duka mata ne, yaƙi bai ɗauki ko kyanwar gidanta ba, amma ita ce mai awon baƙin cikin mutane, ta ce na wannan ya cika mudu na waccan bai cika ba.

Wannan bai dami Selina sosai ba, don ba ta taɓa sa ran alheri daga mai safar hannu ba. Abin da ya soke ta shi ne Hilda. Da yamma suka haɗu a bakin katangar bayan gida, Selina na ta zuba faɗa a kan matar Rabaran tana jiran a taya ta, sai ta ga Hilda na murza bakin zanenta.

"Selina, ki bar mana wannan," in ji Hilda. "Ke kina da naki. Wannan namu ne."

Selina ta dube ta har sai da Hilda ta kau da kai. Sannan Selina ta shiga ɗaki ta ɗauko kwalbar Norman daga gaban hoto, ta wanke ta tas, ta kai ta ajiye a bakin ƙofar Hilda. Sauran kwanakin makon nan ba ta ɗaga ido daga zarenta ba ko sau ɗaya. A masaƙa wannan shi ne gaba mafi tsanani, don in mace ta ƙi kallon bakinki, ta toshe kunne ke nan. Hilda ta yi ta motsa leɓe daga injinta, ba wanda ya karɓa.

Ranar Asabar da sassafe Selina ta yanke furen gaba ɗaya, har da rabin da ta saba ware wa Norman, ta naɗe a jarida. Ta yafa baƙin mayafinta, ta sa takalmanta na katako, ta ƙulle burodi da kitse a ƙyalle. Ta sayi tikitinta da guminta, ta wuce taragon manyan mata ko kallo bai ishe ta ba, ta shiga na baya cikin baƙi. Duk tsawon hanya furen na kan cinyarta, wanda duk ya matso kusa da shi sai ya sha harara.

A Landan suka tarar da abin da matar Rabaran ba ta shirya masa ba. Ta zaci da ta ambaci sunan mijinta za a buɗe musu wata ƙofa ta gefe. Ɗan sanda ya saurare ta cikin ladabi, ya nuna mata ƙarshen layi. Layin kuwa ya miƙe ya bi bakin kogi ya lanƙwashe, mutane jeri-jeri cikin baƙaƙen kaya, yawancinsu mata, kusan kowa da fure a hannu. Ga hazo, ga yayyafi, ga shiru, sai ƙarar takalma. Tunda jirgi ɗaya ya kawo su, Selina ta tsinci kanta a bayan matan Ramsfold, ƙeyar Hilda na gabanta daidai. A layi kuwa ba a canja wuri. Inda ka tsaya nan ne naka, ko maƙiyinka ne a gabanka.

Aka yi ta jan ƙafa. Can wata 'yar Landan da ke gefen Selina, siririya mai jan hanci, ta yaba furen ta tambaye ta wa ta rasa. Selina ta ce ɗanta Amos, da muryar nan tata, har mutanen gaba suka waiwayo. Matar ta ce ita ma nata ba a gan shi ba har yau, kuma jikinta na ba ta shi ne a ciki.

Da Hilda ta yi shiru da an wuce wurin. Amma gajiya da sanyi da kunyar abin da ta yi sun taru sun zama haushi, ta juyo.

"Nata an gan shi," ta ce wa matar. "Yana da kabari da suna, har da hoto. Yana Bayan Sukari. Rakiya kawai ta zo."

Rakiya. Macen da ta shekara uku tana kuka a kan hoton ɗan wata, a ɗakin wata, da furen wata, ita ce yau take kiran mai ɗakin 'yar rakiya a gaban baƙi. Selina ta ji jini ya hau mata ka. Ta juyar da fuska gefe don kada ta yi abin da zai sa 'yan sanda su fitar da ita daga layi, kuma a wannan juyawar ne idonta ya sauka a kan wasu maza biyu a jerin da ke kusa. Da gani tsofaffin sojoji ne. Ɗaya ya rasa hannu, an naɗe hannun rigarsa an maƙale da fil, ɗayan yana dogara sanda. Mai hannu ɗayan ya karkata wajen abokinsa, ya rage murya ƙasa-ƙasa yadda ko na kusa da su ba zai ji ba. Mutumin kirki ne, ya yi duk abin da ake yi don kada uwa ta ji. Bai dai san matan masaƙa ba.

Abin da leɓensa ya ce shi ne: Bayan Sukari ai babu komai a can. An sake gwabzawa a wurin a shekarar ƙarshe, igwa ta nome shi gaba ɗaya, ko gicciye ɗaya bai rage ba. Abokin ya ce ya rufe bakinsa, uwar ce a tsaye.

Selina ba ta bar wurinta ba, ta dai miƙa hannu ta kama mai hannu ɗayan a riga.

"Ɗana, maimaita abin da ka ce."

"Mama, ban ce komai ba."

"Ka ce. Na gani."

Mutumin ya dubi abokinsa, abokin ya dubi ƙasa. Ya yi ƙoƙarin kwana-kwana, wai wataƙila wata maƙabartar ce, wai kamfanonin sukari suna da yawa a ƙasar. Selina ta kwatanta masa abin da ke cikin hoton, doguwar bututun hayaƙi a baya wadda ta karye daga sama, da layin itatuwa a hagu. Sai ya cire hularsa. Ya ce nan ne. Ya ce da ƙafarsa ya bi ta wurin sau biyu, da tafiya akwai kaburbura, da dawowa babu, sai ramuka da ruwa. Masu tattara gawawwaki sun bi bayan yaƙi sun kwashe abin da suka samu, amma yawanci babu suna a jiki. Ya ce wataƙila za a rubuto mata, aikin ne da yawa, ba a kai kanta ba tukuna.

"To hoton fa?"

"Hoton gaskiya ne, Mama. A ranar da aka ɗauke shi."

Ta sake shi. Wato duk sa'ar nan da ake ta yi mata barka da ita, tun kafin a gama yaƙi ta tashi a hayaƙi. Tana nan tana goge ƙura daga hoto, tana tausaya wa Hilda, tana haɗiye kukanta don kada a ce ta yi butulci, alhali ɗanta na warwatse a cikin laka kamar na kowa. An hana ta tarago saboda kabarin da babu shi. Baƙin ciki ya zo mata, amma fushi ya riga shi isowa, kuma ta rasa wanda za ta kama: mai igwa, ko masu aiko da hoto su yi shiru, ko garin da ya sa ta godiya dole.

Da ta juyo sai ta ga fuskar Hilda. Ita ma 'yar masaƙa ce, ita ma ta gani, tun daga kalmar farko. Hawaye na bin kumatunta. Ta miƙo hannu za ta riƙe Selina, Selina ta fizge. Ta so ta fita daga layin ta nemi wani lungu ta zauna, amma layin ya motsa, na baya suka matso, ya tafi da ita kamar yadda yake tafiya da kowa. Sai da suka zo gindin manyan hasumiyoyi biyu na cocin sannan wani tunani ya faɗo mata, ya tsayar mata da numfashi. In Amos ba shi da suna yanzu, to babu mai iya rantsuwa cewa ba shi ne a ciki ba.

Cikin cocin ya fi waje sanyi. Warin jiƙaƙƙen ulu ya gauraya da ƙamshin fure da na kyandir. Ginshiƙai sun tafi sama sun haɗe can cikin duhu, hasken da ke ratso gilasan tagogi masu launi bai kai ƙasa ba. Takalman katakon matan Ramsfold suka cika wurin da ƙwas-ƙwas, Misis Lund ta waiwayo tana yi musu alama da yatsa a baki. Selina ba ta ɗaga kai ta kalli komai ba. Ta san can ciki sarakuna na kwance da mutum-mutuminsu na dutse a kansu, hannuwa a haɗe, kowanne da sunansa da na ubansa da na kakansa. A ƙarƙashin ƙafarta ma sunayen manya ne a sassaƙe a daɓe, ta bi ta kansu ba ta nemi afuwar kowa ba.

Kabarin na kusa da ƙofa. An rufe shi da tuta, sojoji huɗu na tsaye a kusurwoyinsa kai a sunkuye, fure ya taru a gefe ya yi tudu. An ja igiya ta bar siririyar hanya tsakaninta da wani ginshiƙi, 'yan sanda na tsaye suna cewa a hankali a ci gaba, a ci gaba, kada a tsaya. Ba laifinsu ba ne, jama'ar da ke waje ba ta da iyaka. Amma Selina ta ga yadda ake yi: uwa ta zo, ta kalla, ta jefa fure, an wuce da ita. Lokacin bai kai na ƙulla zaren da ya tsinke ba. Sarakunan nan sun yi ɗaruruwan shekaru a kwance ba wanda ya ce su matsa, ita kuma da ta zo daga ƙarshen ƙasa za a ba ta ƙiftawar ido.

Hilda na gabanta. Da suka zo daidai siririyar hanyar, sai Hilda ta ja baya ta tura Selina gaba, abin da ba a yi a layi. Sannan ta durƙusa da dukan jikin nan nata tsakanin igiya da ginshiƙi, ta kama takalminta tana ta fama da shi kamar ya cire. Ko yaro ba zai iya raɓawa ya wuce ba. Layin ya tsaya cak tun daga nan har waje. Ɗan sanda ya sunkuyo yana cewa Mama don Allah, Mama a taimaka. Hilda ko gezau. Kurumtar da masaƙa ta ba ta ba ta taɓa yi mata rana irin ta yau ba.

Selina ta tsaya a gaban tutar. Ta warware jaridar a natse, ta gyara furen da ya lanƙwashe a hanya, ta durƙusa ta ajiye shi da hannu biyu. A ganinta raɗa ta yi. Amma ita ba ta san raɗa ba, muryar ta tashi ta bugi ginshiƙai ta hau har can cikin duhun rufi.

"Amos, in kai ne, ga furenka, bana ya yi kyau. In kuma Norman ne, karɓi, dama rabi naka ne."

Babu wanda ya ce mata ta yi shiru. Wata mata a baya ta fashe da kuka, wasu suka taya ta. Ɗaya daga cikin sojojin nan huɗu, yaro ne ƙarami, haɓarsa ta yi ta rawa amma bai ɗaga kai ba. Selina ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa, takalmin Hilda ya gyaru nan take, layi ya ci gaba.

A waje labari ya riga ya kai kunnen Misis Lund. Ta taho da saurinta ta kama hannun Selina cikin safarta, idonta har da ƙwalla, ta ce ai da sun sani da ba a yi haka ba, yanzu ita ma ta zama tasu. Ta ce lallai ta dawo a taragonsu, za a matsa a samar mata wuri, akwai ma shayi.

"Da safe ina da kabari, ba ni da wuri," in ji Selina, ta zare hannunta. "Yanzu na rasa kabarin kin samo min wuri. Riƙe abinki."

Ta koma taragon baya inda ta fito. Jirgi na shirin tashi sai ga Hilda ta shigo tana haki, ta bar shayin manyan mata, ta matse wani dattijo ta zauna a kujerar da ke kallon Selina. Selina ta kafa ido a taga. Sun yi nisa sosai, an wuce garuruwa, kafin ta juyo ta dubi bakin Hilda, wanda shi ne karo na farko tun ranar katanga. Ba ta ce ta yafe ba, kuma ba ta taɓa faɗa ba har suka tsufa. Ta dai motsa leɓe ba sauti ta ce takalmin nan lafiyarsa ƙalau. Hilda ta amsa da leɓe cewa ta sani. Selina ta kwance ƙyallenta ta raba burodin biyu.

Bayan wasu watanni aka rubuto mata, aka tabbatar da abin da mai hannu ɗaya ya faɗa. Ba ta sake zuwa Landan ba. Ta yi aiki a masaƙa har sai da idonta ya daina ganin zare. Hoton ya ci gaba da zama a kan kantar murhu, don ta ce ko ba komai sunan yaron ne a jiki, kwalabe kuma suka koma biyu.

Mutanen Ramsfold dai ba su iya barin mutum da baƙin cikinsa ba sai sun nemo masa abin godiya a ciki. Wata Lahadi a bakin ƙofar coci, Rabaran ya riƙe hannunta a gaban jama'a, ya ce ta yi tunani, mai yiwuwa a wannan lokacin Amos na kwance a tsakiyar sarakunan ƙasar nan, gata da ko attajiri bai isa ya saya ba. Ya ce in aka duba da kyau, ta yi sa'a.

Selina ta gyara mayafinta. Har mai sayar da kifi ya ji amsar.

"In yana can, sarakunan ne suka yi sa'a. Ni ɗana nake so."

Ta sauka matakala ta tafi gida, don ta bar tukunya a wuta.